Ɗakin da Ya Sha Launi Ɗaya: Ado Ne ko Gajiyar Ido?

A ƙarshen daminar bara aka kai ɗiyar ƙanena ɗakin mijinta, kuma kamar yadda aka saba, da gari ya waye muka ɗunguma ganin ɗaki. Tun daga bakin ƙofa mata suka ɗauki guɗa. Bango ruwan hoda, labule ruwan hoda, zanen gado da matasan kai da kafet da kujeru duk ruwan hoda, kai har kulolin abinci da kwandon shara da furannin robar da aka girke bisa tebur ba a bar su a baya ba. Uwar amarya ta yi wata huɗu tana zaga kasuwa domin kada wani launi ya yi kutse cikin ɗakin ɗiyarta, kuma ranar ta samu yabon da take nema. Kowa faɗi yake, lalle an yi wa yarinya gata.

Bayan wata uku na koma, ana tsakiyar rana, sai na iske amarya a tsakar gida bisa tabarma, ɗakin kuwa a rufe. Na ce, “Ke kuwa lafiya, ga ɗaki kamar na sarauniya kina zaune cikin ƙura?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Gwaggo, wallahi in na daɗe a ciki sai in ji kaina ya yi nauyi. Amma don Allah kada ki faɗa wa Inna.” Maigidan ma, in ji ta, ya fi son a kai masa abinci waje. Alhali a lokacin mahaifinta bai gama biyan kafinta kuɗin kujerun ba.

Wannan shi ya sa na ga ya dace mu tattauna batun a wannan fili, domin yayin haɗa ɗaki da launi guda ya bazu a garuruwanmu, kuma ba ƙaramar dukiya yake ci ba. Ɗaki ba atamfar biki ba ne da za a ɗaura yini ɗaya a ninke. Wuri ne da za a kwana a tashi a cikinsa shekara da shekaru, a ci abinci, a yi jego, a yi jinya, a tarbi baƙi. A nawa ganin, launi ɗaya ba laifi ba ne, yana ma iya fin tarkacen launuka kyau nesa ba kusa ba. Abin da ke kashe ɗaki shi ne launi ɗaya mai ƙarfi ɗaya da sheƙi ɗaya, wanda aka shafe komai da shi har ido ya rasa inda zai huta.

Gidajen kakanninmu ma launi ɗaya ne

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan unguwar Birni a Damagaram, ko tsohon garin Agadas wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2013, ya san cewa asalin gidanmu launi ɗaya gare shi, wato launin ƙasar da aka gina shi da ita. Hasumiyar babban masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da gidajen da ke kewaye da ita duk ruwan ƙasa ne, amma ba a taɓa jin wanda ya ce ganinsu ya ishe shi ba. To, mene ne sirrin?

Sirrin yana hannun magina. Bangon ƙasa ba ya zama sumul kamar madubi. Yaɓen hannu yana barin sawun yatsu, ramno yana leƙowa, zankwaye suna tsaye bisa kan soro, sa'annan a goshin zaure a fito da zane mai tudu da kwari, dagi ne ko wani fasali. Da hantsi rana za ta bugi zanen daga gabas ta jefa inuwa yamma, da la'asar ta juya, don haka bango guda sai ya ba ka fuska uku ko huɗu kafin faɗuwar rana. A cikin ɗaki kuwa, mata suna daɓe ƙasa su shafe ta da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ta yi duhu tana ɗaukar ido, bango a shafa masa farar ƙasa ya yi haske, a sama ga azara baƙi-baƙi a jere. Ƙasa mai duhu, tsakiya mai haske, rufi mai zane. Ba su karanta wannan a littafi ba, amma shi ne abin da masu ilimin tsara ɗaki suke koyarwa yau a makarantu.

Haka abin yake a marina. Karofi ɗaya, baba ɗaya, amma marini zai fitar da zane mai shuɗi sama-sama idan sau ɗaya ko biyu ya tsoma shi, ya fitar da wanda ya kusa zama baƙi idan ya yi ta maimaita tsomawa yana shanyawa. Idan aka kai wa mabuga suka buge shi da shuni, sai ya fito yana walƙiya, irin rawanin nan ɗan Kura da Buzaye suke ji da shi. Duka shuɗi ne, amma wa zai ce ɗaya suke? Harshenmu kansa ya san da haka, shi ya sa ba mu tsaya ga ja da fari da baƙi da tsanwa ba, muka ce ruwan goro, ruwan toka, ruwan makuba, ruwan zuma, ruwan bula, ruwan madara. Kowane launi muka ɗaure shi da wani abu da ake taɓawa, mai laushinsa ko kaushinsa.

Abin da ya canza shi ne zuwan siminti da fentin mai. Bangon siminti shafaffe ne, ba tudu ba kwari, fentin mai kuma yana rufe shi da fata guda mai ƙyalli. Idan aka ƙara da labulen leda-leda da kujerun roba masu sheƙi, dukansu launi guda, to an kori inuwa daga ɗakin ke nan, kuma inuwa ita ce take ba launi rai.

Yadda ido yake aiki

A shekarar 1824 aka naɗa wani masanin haɗa magunguna Bafaranshe, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Paris. Masaƙa suka riƙa kai masa ƙara cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya da ƙarfi. Da ya bincika sai ya iske rinin ba shi da aibi, zaren da ke maƙwabtaka da baƙin ne, musamman shuɗi, yake sa ido ya gan shi dabam. A 1839 ya wallafa littafi a kan haka, inda ya nuna cewa ido ba ya ganin launi shi kaɗai, kullum yana auna shi ne da na kusa da shi. Ja kusa da tsanwa ƙara ja yake yi. Fari kusa da baƙi ƙara haske yake yi. Ja kusa da ja, kusa da wani jan kuma, ba wanda zai taimaki ɗan'uwansa.

Akwai wani gwaji da yara ma za su iya yi. A ƙura wa jan ƙyalle ido kamar daƙiƙa 30, sa'annan a dubi farin bango. Za a ga wani tabo tsanwa-tsanwa yana yawo. Dalili shi ne ƙwayoyin idon da ke karɓar jan haske sun gaji sun rage aiki, sauran suka rinjaye su. Mai zama cikin ɗakin da komai ja ne, haka idonsa yake yini yana yi. Bayan ɗan lokaci ba ya ma ganin kyan jan da aka kashe wa kuɗi, kamar dai mai sayar da turare da hancinsa ya daina jin ƙamshin shagonsa. Baƙo ne kawai yake gani, shi ma na minti biyar ɗin farko. Wato an yi adon domin masu ganin ɗaki, an bar mai ɗakin da gajiya.

Wata za ta ce, ai ga garin Shafshawan na ƙasar Maroko, wanda hotunansa suka cika wayoyinmu, gari guda shuɗi, kuma jama'a daga ko'ina suna tururuwar zuwa kallo. Gaskiya ne. Sai dai a sake duba hoton da kyau. Shuɗin ba iri ɗaya ba ne, wani ya yi duhu a gindin bango, wani ya kusa komawa fari a sama. Shafe ne irin na farar ƙasa, wanda ba ya ƙyalli, kuma bangon yana da gargada. Ga tukwanen furanni, ga ƙofofin katako, ga jan rufi, ga hasken rana yana zuba daga sama. Uwa uba, titi ne da ake wucewa, ba ɗaki mai taga ɗaya da ake rufe ƙofa a kwana ba.

Illolin da ba a faɗa wa uwar amarya

Na farko shi ne haske. Farin fenti yana maido da wajen kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, baƙi kuwa bai kai kashi 10 ba, sauran launuka suna tsakani. Ɗakunanmu da yawa tagoginsu ƙanana ne saboda zafi da ƙura da sutura. Idan aka shafe irin wannan ɗaki da ja mai duhu ko shuɗi mai duhu, aka rataya labule mai kauri irinsa, sai an kunna ƙwai da rana tsaka, in kuma aka ɗauke wuta fitila ɗaya ba za ta wadatar ba. Ɗalibin da ke bitar karatu da dare da uwargidan da ke tsintar shinkafa su ne za su biya. A bangon waje kuwa maganar ta wuce haske ta koma zafi, domin launi mai duhu yana shan rana ya tara, kuma wanda ya san bazarar watan Afrilu da Mayu a ƙasashenmu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sa'annan bango yana rina hasken da yake maidowa. A ɗaki mai tsanwa sosai fuskar mutum takan yi kamar ta marar lafiya, a ɗaki ja farin tuwo ma sai ya sauya kama. Wannan yana iya zama abin dariya, amma akwai inda ba dariya. Ɗakin amarya shi ne ɗakin mai jego nan da shekara. Jarirai da yawa sukan yi shawara a kwanakin farko, kuma alamarta ita ce fata da farin ido su koma rawaya, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke cewa a riƙa duba jariri cikin hasken rana. A ɗakin da bango da labule da zanen gado duk ruwan ɗorawa ne, kuma mai jego ba ta fita, yaya za a yi uwa ko kaka ta lura da wuri? Ko wane launi ne ɗakin, a riƙa kai jariri bakin ƙofa ana dubawa, amma ɗaki mai farin zanen gado ya fi sauƙaƙa lamarin.

Tsofaffinmu ma suna da haƙƙi a nan. Idan gani ya raunana, bambancin launi ne yake nuna wa mutum inda ƙasa ta ƙare bango ya soma, da inda dokin ƙofa ko matakala take. Na san gidan da aka shimfiɗa tayil iri ɗaya daga falo har matakalar tsakar gida, ga bango launinsa, kuma sau biyu kakar gidan tana tuntuɓe kafin a gane a ja layi mai duhu a bakin matakalar.

Akwai kuma batun gubar dalma, wanda ya kamata maigida ya riƙe. An daɗe ana zuba dalma cikin wasu fentin mai domin launi ya yi kauri ya bushe da wuri, kuma rawaya da ja da ruwan goro masu ƙarfi su ne aka fi samun ta a ciki. Idan fentin ya tsufa ya soma ɓarewa, yaro mai rarrafe yana kai ƙurarsa baki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba ya cutarwa. Ƙasar Kamaru ta kafa dokar taƙaita ta a fenti a shekarar 2017. Wanda ya shafe bango huɗu da ƙofa da taga da gado da fentin mai guda ya ninka haɗarin in aka yi rashin sa'a. A cikin ɗaki fentin ruwa ya fi, kuma a karanta jikin gwangwani a nemi wanda aka rubuta babu dalma.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi taɓa aljihu. Launi ɗaya ba ya tsufa tare. Rana tana cin labule, wanki yana cin zanen gado, zama yana cin kujera, ƙurar hunturu tana hawa bango. Kafin shekara ta zagayo, ruwan hodar nan guda ya rabu gida biyar, wani ya koɗe, wani ya yi ja, wani ya yi toka-toka, kuma da yake kusa suke da juna ba tare da sun zama ɗaya ba, sai ɗakin ya yi kamar an yi kuskure. In labule ɗaya ya yage, sai a shiga kasuwa neman irinsa, a iske yayinsa ya wuce. Ɗakin da tun farko aka gina shi bisa launuka masu jituwa, ko me aka sauya a ciki sai ya zauna.

To, yaya za a yi wanda yake son launinsa?

Ba cewa nake a rabu da shi ba. Mai son tsanwa ta yi tsanwarta, amma ta yi irin ta marina. Bango ya ɗauki mafi haske, wanda ya kusa zama fari. Labule ya fi shi duhu kaɗan. Mafi duhun a bar shi ga ƙananan abubuwa da abin da ke ƙasa, kamar matasan kujera da darduma. Rufi a bar shi fari ko da me za a yi, domin shi ne yake raba haske ga ɗaki duka. Sa'annan a bambanta jikin kayan, wato in labule mai santsi ne, zanen gado ya zama saƙi ko auduga, in kujera mai sheƙi ce, a shimfiɗa tabarmar kaba ko kafet mai gashi. Faifai da ƙwarya da tukunyar ƙasa da titimin fata, waɗanda wasu ƴan zamani suke ganin ƙauyanci ne, su ne maganin ɗakin da ya yi sumul da yawa, kuma ba su da tsada.

Masu sana'ar tsara ɗaki suna da wani ma'auni da suke yawan ambata: kashi 60 na abin da ido ke gani ya zama babban launi, kashi 30 na biyu, kashi 10 kuma wani launi dabam mai tada sauran. Ba doka ba ce, kuma ban taɓa ganin wadda ta shiga ɗaki da ma'auni tana lissafi ba. Amfaninsa kawai shi ne tunatarwa cewa kashi goman nan na baƙon launi ba ɓata ado yake yi ba. Iyayenmu da suke jeren kwanoni da tasoshi da fanteka daga ƙasa har kusa da rufi sun san haka. Jerensu ya tara ja da rawaya da shuɗi da furanni iri-iri, amma bangon da ke bayansa fari ne tas, shi ya sa yake fitowa. Yau an juya lamarin, kabad da kwanukan da ke ciki da bangon da ke baya duk abu guda, har sai an matsa kusa kafin a san akwai jere.

Kafin a sayi bokitin fenti, a sayi ƙaramin gwangwani a shafa kamar mita ɗaya a bangon da ke fuskantar taga, da wani a bangon da ke cikin inuwa. A bar shi ya bushe, a dube shi da hantsi, a dube shi da azahar, a kuma dube shi bayan magariba da irin ƙwan da za a riƙa kunnawa, domin farin ƙwai da mai ja-ja ba sa nuna launi iri ɗaya. A sani kuma, launin da ya yi daidai a ɗan katin mai shago yakan ninka ƙarfi idan ya mamaye bango, don haka a ɗauki wanda ya fi shi haske da taki ɗaya ko biyu. Mai fenti zai iya sirka shi da fari a gabanka. Wanda yake gidan haya kuwa, ya bar bango da ruwan madara ya zuba launinsa a abin da zai iya naɗewa ya tafi da shi.

Wata shawarar ta iyaye ce, kuma na san ba kowa zai so ta ba. A tambayi yarinyar. Sau da yawa uwa da ƙannenta da ƙawayenta ne suke yanke launin ɗaki bisa abin da aka yi wa ɗiyar wance, amarya tana gefe kunya ta hana ta magana, angon da zai zauna ciki kuwa ba a ma tuna da shi. In an ba su dama, galibi abin da za su zaɓa ya fi sauƙi kuma ya fi araha.

Ɗakin ɗiyar ƙanena bai ci mana wani abin kirki ba wajen gyara. Kujeru da gado muka bar su yadda suke, tunda ba a gama biyansu ba. Maigidanta ya sayo fentin ruwa mai ruwan madara aka shafe bango uku, aka bar na bayan gado da ruwan hodarsa. Labulen ciki muka sauya da farin yadi mara nauyi, aka naɗe kafet aka ajiye don ranar baƙi, aka shimfiɗa tabarma mai ratsin baƙi da ja. Na kawo mata fayafai uku daga cikin nawa muka kafa a bango, da wani tsohon bargon saƙi da ta gada wurin kakarta, wanda da aka ɓoye a ƙasan akwati don bai dace da ɗakin ba. Da uwar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sa'annan ta tambaya ko sababbin kujeru aka sayo.